A Buɗe Mana Hanyar Makara

Zuwa ga Babban Injiniya mai kula da aikin titin da ya ratsa garinmu, tsakanin Djougou da Parakou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina neman aron 'yan mintoci daga lokacinka. Na san lokacin naka da tsada, domin sau biyar ina zuwa ofishinka ana ce mini yanzun nan ka fita. Har na fara zargin ƙofa biyu gare shi. Tun da ban same ka a kujera ba, na ga ya fi in rubuta a inda kowa zai karanta, wataƙila wanda ya san inda kake shan iska ya miƙa maka.

Sunana Salifu Garba. Littattafai nake sayarwa a Zongon Parakou, na addini da na lekol, wato makarantar boko, shekara ashirin da 'yan kai. Amma a wancan ƙaramin garin aka binne cibiyata, a unguwar da kakanninmu fataken goro suka sauke kaya suka ƙi sake ɗauka. Mahaifiyata, Hajiya Ramatu, tana can har yau. Ta haura tamanin, jiki ya yi rauni, kuma tana cikin ɗakin da aka kai ta amarya. Saboda ita nake wannan rubutu. Abin da take nema a wurinka bai fi faɗin tabarma biyu ba: falalen siminti a kan magudanar ruwa, da ɗan gurbi a shingen ƙarfe, domin ranar da ta cika a ɗauke ta a kafaɗa zuwa maƙabarta, ta hanyar da aka bi da mijinta.

Na ɗaya, godiya, kada a ce ɗan Zongo bai san alheri ba. Titi ya yi kyau. A da in na bar Gare, tashar motar Parakou, da hantsi, sai la'asar nake isa gida, ƙugu kamar an daka a turmi. Yanzu ina isa in tarar da kunun safe bai huce ba. Mai naƙuda tana kaiwa asibitin Djougou kafin ta haihu a bayan mota. Duk mun gani. Ba kuma zan kawo maka ƙarar masu soya doya da masu wagasi, cukun nan na Fulani, ba, waɗanda direbobi suka daina tsayawa a gabansu tun da hanya ta yi santsi. Ba zan yi zancen gidajen da titi ya fi su tudu ba, waɗanda ruwan sama ke shiga musu ɗaki ba sallama. Waɗannan suna da bakinsu. Ni ƙarata ɗaya ce.

Na biyu, bari in gabatar maka da hanyar da ka toshe, tun da na tabbata ba ku taɓa gaisawa ba. Daga bayan masallacinmu akwai wata siririyar hanya da ta miƙe zuwa maƙabarta. Hanyar makara muke kiranta. Taku ɗari biyu da 'yan kai ce, da ƙafata na auna. Tun zamanin kakanni aka yi mata doka: ba a binta da kaya a ka, ba a kora dabba a kanta, ba a yanke ta don saurin zuwa gona. Ranar da aka yi rashi kaɗai ake taka ta. Ba farilla ba ce, ba sunna ba ce. Na karanta littattafan da nake sayarwa, babu ita a ciki. Ladabi ne kawai na mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan hanyoyin ciniki, suka ga ya dace a bar hanya ɗaya tak da ba a neman riba a kanta.

Gajartarta ita ce amfaninta. A wurinmu makara ba ta zama a kafaɗa huɗu. Kowa yana sa kafaɗa ya yi taku uku ko biyar, na baya ya karɓe shi. Tsoho mai sanda yakan miƙa sandar ga na kusa, ya ɗauki abokinsa taku biyu, ya koma gefe yana haki, ya sauke abin da ke wuyansa. Wanda ya shekara goma yana gaba da mamaci, a nan yake sa kafaɗa kowa ya gani, magana ta mutu tare da mai ita. Na ga haka da idona ranar da aka ɗauki mahaifina. Wani maƙwabci da suka yi rigimar iyakar gida har gaban alƙali, shi ne ya ƙi sakin makarar sai da aka janye shi.

Yau wannan hanya an yanke ta biyu. A kowane gefen titi akwai magudanar ruwa, wadda kuke kira kanibo, zurfinta ya kai ƙirjin namiji, faɗinta ya fi ƙarfin tsalle. A tsakani kuma ga shingen ƙarfe, wai saboda titin ya yi kwana a wurin. Mashiga mafi kusa tana gidan mai, can bakin gari. Zuwa da dawowa ya ninka hanyarmu sau goma, a gefen kwalta, manyan motoci na wucewa suna kaɗa wa mutane riga.

Na uku, yadda aka yi haka ta faru. A nan zan yi adalci, don akwai rabonmu a cikin laifin. Kafin a fara aiki kun turo ma'aikata biyu da takarda da biro. Suka zauna gindin mangwaro mako guda suna ƙirga masu tsallakawa: masu zuwa kasuwa, masu zuwa rijiya, 'yan lekol, har da shanun Fulani. Inda suka ga ƙafa, kuka sa mashiga. Allah cikin ikonsa, a makon nan babu wanda ya mutu a unguwarmu. Ban taɓa zaton zan yi takaicin makon da ba a yi rashi ba, sai ga shi. Damina ce, ciyawa ta rufe hanyar, babu sawu ko ɗaya. Suka rubuta cewa ba a binta.

Mutanen nan biyu a zauren liman suke cin abinci kullum. Kuma a wurinmu ba a yi wa baƙo zancen kabari yana cin tuwonka. Mai unguwarmu, wanda kuke kira delege, ya ce mini sau uku yana zuwa da niyyar faɗa musu, sau ukun yana tarar da su da loma a hannu, sai ya yi musu sannu da aiki ya koma. Ranar da kuka tara dattawa kuka shimfiɗa musu taswira, sun dube ta cikin girmamawa, wasu ta ƙasa wasu ta sama, suka ce madalla. Da na tsare mai unguwar da tambaya, ga abin da ya ce: "Haba Salifu, mutumin da ya yi karatu har ƙasar Turawa, ni zan nuna masa maƙabarta? Ga ta can fa, ba ɓoye ta muka yi ba."

Na karɓi wannan. Kunyarmu ta cuce mu. Amma ranka ya daɗe, mu aka sani da kunya, ku aka sani da tambaya, don ita ake biyanku albashi. Kun tambayi inda muke ɗebo ruwa. Kun tambayi inda muke zubar da shara. Babu wanda ya tambayi inda muke kai matattunmu, kamar kun zo garin da ba a mutuwa. Na ga taswirar taku da idona a bangon ofishinka. An shafa wa maƙabartarmu koren launi, an rubuta a kai da Faransanci cewa fili ne mai itatuwa. Na gane dalili. Kaburburanmu ba su da siminti, ba su da suna, sai fasasshiyar tukunya da bini-da-zugu. Wanda idonsa ya saba da farin dutse mai rubutu zai wuce ta ya ce daji ne. A cikin wannan dajin naku mahaifina yake kwance, da kakana, da ƙannena biyu.

Na huɗu, abin da ya faru da Baba Isiyaku. Shi ne ladanin masallacinmu, shekara arba'in, kuma shi ne na farko da ya rasu bayan an buɗe titi. Ina wurin. Aka yi masa salla bayan azahar, aka ɗauki makara, ƙafafun mutane suka bi inda suka saba. Sai da muka zo bakin kanibo muka tsaya cirko-cirko, mutum fiye da ɗari, gawa a kafaɗa, kowa na kallon kowa. Wani ya ruga wurin kafinta ya kawo katako biyu. Muka tsallake na farko lafiya. Muka ɗaga makara sama da kai muka ƙetare shingen ƙarfe, wasu na tsare motoci da hannu. A kanibo na biyu katako ɗaya ya karye.

Mudi, ɗan baffana, shi ke riƙe da gaba. Ya faɗa ciki. Makara ta karkace, tabarmar da aka rufa ta zame, gawa ta fara sulalewa. Mutum huɗu suka dira cikin ruwan ƙazanta da fararen rigunansu suka tare ta da ƙirji. Ba ta taɓa ƙasa ba, wannan kaɗai muke gode wa Allah a kai. A lokacin wata babbar motar fasinja ta tsaya dole. Direba na danna oda yana ihu da Faransanci mu ba shi hanya, fasinjoji sun zuro wayoyi ta taga suna ɗaukar hoto. Mutumin da ya shekara arba'in yana kiranmu salla, a wayar baƙi ya ƙare, ana tura shi daga hannu zuwa hannu don dariya. Har a Parakou wani ya nuna mini, bai san ni ne mai shuɗiyar hular da ke cikin ramin ba.

Mudi ya karye a idon sawu. Tela ne, da ƙafa yake taka keke. Har yau yana ɗingishi, kuma da ƙafar hagu yake koyon sana'ar da ya iya tun yana yaro.

Na biyar, maganin da muka samu, in har magani ne. Bayan wannan rana dattawa suka ce ba za a sake gwada katako ba. Aka gwada zagayawa da ƙafa sau ɗaya. Kafin a kai gidan mai, tsofaffi sun zube a gefen titi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan aka koma ɗaukar gawa a babur mai ƙafa uku, wanda ke kai doya da gawayi kasuwar Kolokondé. A share shi, a shimfiɗa tabarma, a ɗora makara rabinta a waje, mutum biyu su hau su riƙe. Masu babur su bi baya. Marasa babur su tsaya a ƙofar masallaci suna kallo. Liman Hamidu da kansa, wanda gwiwa ta hana shi hawa babur, yanzu sallar kawai yake yi ya zauna. Ya ce mini: "Ɗana, na yi wa mutum uku salla bana, ban raka ko ɗaya ba. Kamar kaya nake sa wa hannu a tasha."

Ranar da aka ɗauki Inna Kande, maƙwabciyar mahaifiyata, ina gida. Hajiya ta sa aka kama ta zuwa bakin zaure, don ta ga wucewar ƙawarta. Ta ga baburin ya zo yana hayaƙi, ta ga ƙasar doya a maƙale a lungunansa, ta ga ya ci karo da rami makara ta yi tsalle. Ba ta yi kuka ba. Ni ɗan farinta ne, kuma tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take cewa, ko "mai littattafai" in tana cikin raha. Ran nan, a gaban mutane, ta juyo ta ce: "Salifu. Ni ba doya ba ce."

Shekarata hamsin da biyu ina jiran in ji yadda sunana yake a bakinta. Ban so in ji shi a haka ba. Wannan ma yana cikin abin da titinka ya kawo mana.

Na shida, amsoshin da na samu a ofishinka. Matar da ke bakin ƙofa kalma biyu ta haddace, kuma tana faɗarsu da daɗi: "Revenez lundi," wato in dawo Litinin. Na dawo Litinin har na gane cewa Litinin ɗinta ba ta cikin kwanakin mako da muka sani. A zuwa na huɗu na samu mataimakinka. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya buɗe hannuwa ya ce: "Ce n'est pas prévu." Wato ba a yi tanadinsa ba. Na tambaye shi wanne ne ba a yi tanadinsa ba, simintin ko mutuwar. Ya yi dariya, ya ce na iya magana. Ya bayyana mini cewa sauya ko da layi ɗaya a taswira sai takarda ta je Cotonou, daga can ta tsallaka teku zuwa wurin masu ba da kuɗin aikin, ta dawo da hatimi.

Na yarda da shi har sai da na fito na bi titin da ƙafa. Gidan mai yana da mashiga faffaɗa, wannan daidai ne. Wani sabon shagon sayar da waya, wanda ko tubalinsa babu lokacin da aka zana taswira, yana da tasa. Wani babban mutum da ke zaune a Cotonou, wanda sai da Sallar Layya muke ganinsa, an shimfiɗa masa falale har huɗu a ƙofar garejin da babu mota a ciki. Ashe akwai takardun da suka iya iyo, suna tsallaka teku su dawo kafin siminti ya bushe. Tamu ce kawai ba ta iya ruwa ba.

Kuma a bayan ofishinka, ta cikin shingen waya, na hango ragowar falalen a jibge, ƙadangaru na shan hantsi a kansu. Ban ƙi ƙadangaru su huta ba. Amma guda huɗu daga ciki sun ishe mu.

Muka ce to, a bar mu mu yi da kanmu. Muna da magina, muna da maƙeri, kowane gida ya yarda ya kawo abin da zai iya. Aka aiko mana da saƙo cewa duk wanda ya taɓa kayan gwamnati, jandarma zai kwana da shi. Ga inda muke: ku ba za ku yi ba, mu ba za mu yi ba, mutuwa kuma ba ta san an dakatar da aiki ba.

Ranka ya daɗe, na karanta isasshen abu da zan san cewa babu garin da yake zama yadda kakanni suka bar shi, kuma ban nemi haka ba. Ni ma da mota nake zuwa gida, ba da jaki ba. Amma ina so in san ma'aunin da kuke auna ci gaba da shi. In kayan da suka taso daga bakin teku suna isa Nijar da wuri, mutumin da ke kwance taku ɗari biyu daga kabarinsa kuma ba zai isa da mutuncinsa ba, wa aka yi wa titin? Mu da muke zaune a bakinsa, ko waɗanda ke wucewa a kansa ba su san sunan garin ba?

Yanzu ga dalilin da ya sa ban iya ƙara jiran wata Litinin ba. Makon jiya na je gida na tarar Hajiya ta ɗaure kayanta a zannuwa uku. Ta rabar da kajinta. Akwai wata tsohuwar ƙawarta 'yar ƙabilar Yom a tsallaken titi, ɓangaren maƙabarta, wadda suka daɗe suna musayar goro da doya. Matar nan, Allah ya saka mata, ta kwashe irin doyarta daga wani ɗan ɗaki ta share mata shi. Hajiya ta yanke shawarar komawa can ta jira ranarta, don in ta zo babu kanibo tsakaninta da mijinta. Na ce mata ɗakin ba shi da taga, rufinsa na yoyo, babu jikokinta, ba ta jin kiran salla daga can. Ta ce duk ta sani. Ta ce mai rai ba ya jin kunyar hawa baburin doya, don haka gara ta hau shi yanzu da idonta biyu, tana riƙe da ƙarfe da hannunta.

Mace ce da ta shekara sittin da wani abu a ɗaki ɗaya. A nan ta haife mu, a nan ta yi takaba. Za ta bar shi ta je ta mutu a rumbun doya na aro, saboda ma'aikatanka sun zo ƙirga a makon da babu wanda ya mutu. Na durƙusa na roƙe ta ta ba ni Juma'a biyu. Ta ce ta ba ni, amma ba ta yi alkawari a madadin Mala'ika ba.

Saboda haka ga roƙona, a gaban duk wanda ya karanta wannan takarda.

Ka sa a ɗauko falale huɗu daga bayan ofishinka a ɗora biyu a kowane kanibo, daidai bayan masallaci. Aikin rabin yini ne. Masu ɗauka muna da su. Ɗaukar nauyi a kafaɗa dai mun iya.

Ka sa a buɗe gurbi a shingen ƙarfe wanda mutum biyu za su wuce a jere, a kafa alama don direbobi su sassauta. In kana tsoron dabbobi, a sa ƙofa, mabuɗi ya zauna a hannun liman.

In duk wannan sai takarda ta tsallaka teku, to ka ba mu layi biyu da sa hannunka cewa an yarda mu yi da kanmu, ka turo mutuminka ya tsaya a kanmu ya ga mun yi daidai.

Kuma garin da za ka je gaba, kafin ka buɗe taswira, ka ajiye cokali ka tambayi dattawa ta ina suke fita da gawa. Ba za su fara faɗa maka ba. In ka tambaya, za su kama hannunka su kai ka.

Juma'a ta farko ta riga ta wuce ina rubuta wannan. In ta biyu ta zo babu siminti babu takarda, bayan an sauko daga masallaci zan ɗora mahaifiyata a baburin da ƙullin kayanta uku, mu bi gefen titinka har gidan mai mu zagayo. Ba za mu yi zanga-zanga ba, ba za mu tare hanya ba. Ina dai gayyatarka ka zo ka tsaya a bakin kwalta ka gani, don ka samu abin rubutawa a rahoton kammala aiki.

Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka girma a aikinka, ya raya maka zuriya. In mahaifiyarka na raye, Allah ya bar ta a ɗakinta har ƙarshe. Kuma ranar da taka ta zo, bayan shekaru masu yawa, Allah ya sa a ɗauke ka a kafaɗun masoyanka, kada kowa ya tsaya da kai a bakin rami yana neman katako.

Wassalam.

Salifu Garba,
mai littattafai, Zongo, Parakou.